Kurakuran da aka fi yi da fanka wajen tuƙa keken motsa jiki a ɗaki

Wanda ya saba tuƙa keke a titi, ranar da ya fara hawa keken motsa jiki a ɗaki yakan sha mamaki. Kafin minti 15 riga ta jiƙe sharkaf, numfashi ya yi sama, bugun zuciya ya wuce yadda ya saba, ga gumi ya taru a ƙasa kamar an kifar da kofin ruwa. Sai ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ragu. Ƙarfinsa na nan, iska ce babu.

Jikin ɗan Adam inji ne mai yawan asara. Daga cikin ƙarfin da yake ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kaɗai ke isa feda, sauran duk zafi yake zama. Mai taka wat 200 yana fitar da zafin da ya kai wat 600 zuwa 800, wato kusan ƙaramin dutsen guga na lantarki a kunne cikin jikinsa. A titi, mai gudun kilomita 30 a awa iska na dukansa da saurin mita 8 a daƙiƙa, tana kwashe zafin ba tare da ya sani ba. A ɗaki kuwa keken a kafe yake, iskar da ke kewaye da fata ta ɗumame, ta cika da laima, ta tsaya cak.

Kusan duk kurakuran da ke ƙasa tushensu ɗaya: ana ɗauka aikin fanka sanyaya ɗaki ne. Fanka ba ta rage zafin ɗaki ko da digiri ɗaya. Aikinta ta busar da gumi tun yana kan fata. Lita ɗaya ta gumi idan ta bushe a jiki tana tafiya da zafin da ya kai kilojul 2,400, kuma wannan kusan daidai yake da abin da mai taka wat 200 ke tarawa a awa guda. Gumin da ya ɗiga ƙasa kuwa bai sanyaya komai ba, asarar ruwa da gishiri ce kawai. Saboda haka tafkin da ke ƙarƙashin keke ba shaidar an yi aiki ba ce, shaida ce cewa iskar ba ta isa ba.

Dogaro da fankar sama, ko da ƙaramar fanka

Fankar silin an yi ta ne domin mai zaune a falo. Tana baza iska a faɗin ɗaki a hankali, kuma daga sama take zuwa, sai ta sauka a ƙeya da kafaɗu, ƙirji da ciki da cinyoyi su zauna a inuwarta. A ɗaki mai rufin kwano ma abin ya fi muni, domin iskar da ta taru kusa da silin ita ce mafi zafi, ita kuma fankar ke turo maka. A bar ta a kunne, ba laifi, amma a matsayin mataimakiya.

Ƙaramar fankar tebur, balle irin wadda ake jonawa a kwamfuta, ba ta shiga lissafi. Mafi ƙarancin abin da zai yi aiki shi ne fankar tsaye mai inci 16 ko 18 a lambarta ta ƙarshe. Wadda ta fi ta ita ce mai fuka-fukan ƙarfe irin ta shaguna da masallatai, inci 18 zuwa 20. Akwai kuma wata mai siffar dodon koɗi da ake ajiyewa a ƙasa, wadda asali domin busar da kafet aka yi ta. Iskarta a matse take fitowa da ƙarfi, shi ya sa masu tuƙa keke a gida suka rungume ta. Kamfanin Wahoo ma ya ƙera fanka takanas domin wannan aiki, Kickr Headwind, mai iskar da ke kai kilomita 48 a awa, tana kuma ƙara gudu ko ragewa gwargwadon bugun zuciyar mai tuƙi. Tana da kyau, amma da kuɗinta za a sayi fankokin kasuwa da dama, kuma biyu daga cikinsu idan an girka su daidai sun wadatar.

Saita ta a fuska

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, domin iska a fuska tana da daɗi. Sai dai fuska ƙaramin yanki ce, kuma daɗin yana yaudara: kai na jin sanyi, gangar jiki na dahuwa. Ga bushewar ido da maƙogwaro, musamman ga mai sa gilashin ido irin na mannawa.

Mai tuƙi a sunkuye yake, ƙirjinsa na kallon ƙasa. Don haka iskar ta fito daga ƙasa ta gaba, ta hau sama. A ajiye fankar mita 1 zuwa 1.5 daga kan keken, a ɗan kauce da ita gefe don kada allon waya ko talabijin ya tare ta, a sauke wuyanta ƙasa, a ɗaga fuskarta ta nufi tsakanin cibiya da wuya. Fuska za ta samu rabonta daga gefen iskar. Idan da fanka ta biyu, wurinta baya ne, a gefen da ke kallon ta farkon, tana dukan gadon baya, inda gumi ya fi taruwa kuma iskar gaba ba ta kaiwa.

Ga gwaji mai sauƙi. Yanki siririyar leda mai tsawon tafin hannu, ka ɗaura a tsakiyar kan keke, wata kuma a bayan sirdi. Kunna fanka. Idan ledar gaba ta miƙe tana kaɗawa ba tsayawa, saitin ya yi. Idan tana tashi tana faɗuwa, ko dai fankar ta yi nisa, ko ta yi rauni. Ta bayan sirdin za ta nuna maka ko kana bukatar fanka ta biyu.

Sannan a ja maɓallin nan na bayan kan fanka a hana ta juyawa. Fanka mai waige-waige rabin lokacinta bango take yi wa fifita.

Rufe ƙofa da taga

A lissafa. Ɗaki mai mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a tsayi yana ɗauke da iska kubik mita 48. A zafin digiri 30, kowace mita ɗaya ba ta iya riƙe ruwan da ya wuce kamar giram 30, wato ɗakin gaba ɗaya bai kai lita ɗaya da rabi ba. Idan dama iskar ta riga ta cika rabi da laima, abin da ya rage bai kai kashi uku cikin huɗu na lita ba. Mutum ɗaya zai cike wannan gurbi kafin awa ta cika. Daga nan fanka sai dai ta yi ta juya jiƙaƙƙiyar iska, gumi ya daina bushewa, gilashin taga ya fara raɓa. Shi ya sa wasu ke cewa rabin awar farko lafiya lau, ta biyu kuwa kamar an rufe su a tukunya.

Maganin shi ne iska ta samu mashiga da mafita. A buɗe taga da ƙofa masu fuskantar juna, a sa fankar ta jawo daga wajen da iska ke shigowa. In akwai wata tsohuwar fanka a gida, a ɗora ta a ɗaya tagar tana kallon waje, ta riƙa fitar da ta ciki. Baranda ko rumfar tsakar gida ta fi kowane ɗaki, in dai akwai inuwa.

Mai na'urar sanyaya ɗaki shi ne zai rufe ƙofa, domin ita tana tsotse laima. Amma kada ya ce ta ɗauke masa fanka. Esi na sanyaya iskar ɗaki, ba ya kore ɗumammiyar iskar da ke manne da fata. A kunna shi minti 20 zuwa 30 kafin a hau, fanka kuma ta yi aikinta.

Manta cewa kowane yanayi da nasa hali

Yawancin shawarwarin da ke intanet daga Turai da Amurka suke, inda ake ajiye keke a gareji mai digiri 15. A ƙasar Hausa lissafin daban ne, kuma yana sauyawa sau uku a shekara.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram yakan haura digiri 40. Zafin fata kuwa bai wuce 33 zuwa 35 ba. Da zarar iskar ɗaki ta fi fata zafi, fanka zafi take ɗora wa jiki, abin da ke ceto kawai shi ne bushewar gumi. Hukumar Lafiya ta Duniya na shawartar kada a dogara da fanka idan zafi ya wuce digiri 40. Wannan ba yana nufin a kashe fanka a ci gaba da taka feda ba, yana nufin a ɗage atisayen. A sayi ƙaramin ma'aunin zafi mai nuna laima, a rataye shi kusa da keke. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba, domin ginin bulo yana riƙe zafin rana har tsakar dare, magariba ba ta kawo sauƙi a cikin ɗaki. A kuma ajiye kwalbar feshi da ruwan sanyi, a riƙa fesa wa ƙirji, wuya da hannuwa duk bayan minti 5 zuwa 10. A busasshiyar iska ruwan zai yi aikin gumi, jiki ya huta. A irin wannan lokaci ne kula mai amfani da ruwa, wato na'urar da ke hura iska ta cikin ruwa, ke da rana. A watan azumi kuwa, atisaye mai ƙarfi sai bayan an sha ruwa.

Da damina zafi ya sauka amma laima ta hau, musamman a Agusta. Gumi na ƙin bushewa, saboda haka nan ne ake bukatar iska mafi ƙarfi, fanka biyu in da hali. Kula mai ruwa a ajiye ta, laima kawai za ta ƙara.

Hunturu ya fi kowane lokaci daɗin tuƙi, amma yana da tarko. Iskar ta bushe ƙwarai, gumi na tashi tun kafin a gan shi, sai mutum ya sauka da busasshiyar riga ya ɗauka bai rasa ruwa ba. Da sanyin safiya kuma, wanda ya kunna fanka a lamba ta ƙarshe tun kafin jiki ya ɗumama zai yi ta rawar ɗari. A fara da ita a kashe ko a lamba ta ɗaya, a ƙara bayan minti 5 zuwa 10. Fanka mai rimot na da amfani a nan, ko a jona ta a wayar wuta mai makunni a ajiye inda hannu ke kaiwa, don kada a sauka a tsakiyar aiki. In an gama, a kashe ta kafin a zauna da jiƙaƙƙen jiki.

Riga

Rigar auduga mai kauri tana shan gumi ta riƙe, ta zama katanga tsakanin fata da iska. Namiji a ɗakinsa ya fi masa ya cire, ko ya sa shimi mai raga. Ga mata, da duk wanda ke wurin motsa jiki na jama'a, a nemi yadi marar nauyi irin na 'yan ƙwallo, mai saurin bushewa. Masu sa rigar leda ko suwaita wai don su narkar da kitse, ruwa suke zubarwa, kuma yana dawowa da zarar sun sha ruwa.

Ɗaukar cewa fanka ta rage bukatar ruwa

Ko da iska mai kyau, zubar da lita 1 zuwa 1.5 a awa ba abin mamaki ba ne. Hanyar sanin naka ita ce sikeli: ka auna kanka ba kaya kafin ka hau, ka sake aunawa bayan ka sauka ka goge jiki, ka ƙara abin da ka sha a tsakani. Kowane kilo ɗaya da ka rasa lita ɗaya ce. Idan asarar ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70, ƙarfi na fara raguwa. Ledar fiya wata rabin lita ce. Ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa mafari ne mai kyau, sai a gyara da abin da sikeli ya nuna. Kada kuma a sha har nauyi ya fi na farko. Atisayen da ya wuce awa ɗaya yana son ɗan gishiri a ruwan, amma mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya fara jin ta bakin likitansa.

Mai agogon auna bugun zuciya yana da wata alama: idan nauyin feda bai sauya ba amma bugun na ta hawa, jiki na karkatar da jini zuwa fata ne don ya huce. Jiri, tashin zuciya, ciwon kai, ko tsikar jiki ta tashi ana cikin zafi, duk umarnin sauka ne nan take. Wanda ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, a jiƙa shi da ruwan sanyi, a sa masa fanka, a garzaya da shi asibiti.

Wuta da kula da kaya

Fankokin da aka yi domin kasuwar Amurka na aiki da bolt 120 ne, wutarmu kuwa 220 zuwa 240. A duba rubutun da ke jikin injin kafin a jona ta gwanjo, in ba haka ba hayaƙi za a gani. Ɗaukewar wuta a tsakiyar atisaye kuma tana da haɗari fiye da yadda ake zato, domin jiki na kan ganiyar zafi iska ta yanke. A ajiye fanka mai caji a gefe, cike da caji, amma a san cewa da yawansu suna sanyin gudu yayin da batir ke ja baya. In babu, a sassauta feda nan take. Janareta kuwa waje, nesa da tagar da fanka ke jawo iska. Hayaƙinsa na kisa, kuma mai haki ya fi kowa shaƙarsa.

Ƙurar hunturu na taruwa a fuka-fukai da ragar fanka ta rage mata ƙarfi. A cire ragar a wanke duk bayan mako biyu ko uku. Fankar da ke tashi da kyar, ko sai an tura ta da yatsa, galibi kafasita ce ta gaji ko sandar injin ta bushe, kuma mai gyara zai gama da ita cikin 'yan mintuna.

Shi ma keken gumi na cin sa. Duk wanda ya taɓa warware tef ɗin kan keken da ya shekara a ɗaki ya ga farin gari kamar kanwa manne da ƙarfen, wani wurin har ya rarake. Gishirin gumi ne, kuma yana gangarawa cikin wuyan keke ya cinye boris da notuna. A shimfiɗa tawul daga kan keke zuwa sandar tsakiya, a ninke shi yadda ba zai rataya ya tare iskar da ke zuwa ciki da cinya ba, a goge ƙarfen da ɗanyen tsumma bayan kowane hawa, a shafa wa notuna giris duk bayan wata biyu ko uku.