Yadda ake gano matsalar hambirki a gyara shi idan ya saki

Garin Katsina a shimfiɗe yake, shi ya sa da yawanmu muka mayar da birkin hannu, wato hambirki, kamar ado. Mutum ya faka mota, ya bar ta a giya, ya ce wa yaro ya ɗauko dutse a yi weji, shi ke nan. Sai ranar da cunkoso ya tsayar da kai a hawan gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura, ka ja hambirki har ƙarshe mota ta ci gaba da silalowa baya, ga mai Keke Napep manne da kai, sannan za ka san darajarsa. Ga shi kuma ba ruwansa da man birki. Wayar ƙarfe ce ta taso daga hannunka ta rabu biyu zuwa tayoyin baya, saboda haka ko mai ya tsiyaye a hanyar Daura, shi ne abin da ya rage maka.

Fara da kunnenka. Ja shi a hankali ba tare da danna maɓallin ba, kana ƙirga ƙarar ƙas-ƙas ɗin. Yawancin ƙananan motoci suna kamawa tsakanin 4 da 8. Idan ya haura 10, ya saki. Idan kuma da ƙyar yake jawuwa, ko ka sauke shi mota ta ƙi sakewa, to waya ce ta yi tsatsa a cikin rigarta, abin da laka da ruwan damina ke jawowa.

Daga nan nemi wuri mai daidai, ƙasa mai ƙarfi, ba rairayi ba. Sa giya ta ɗaya, ka yi wa tayoyin gaba weji gaba da baya, ka ɗaga bayan motar. Don Allah kada ka dogara da jak kaɗai, kada kuma ka tokare da bulo, don yana dagargajewa ba sallama. Sa ƙafar ƙarfe irin ta gareji. Sauke hambirki ka juya kowace taya da hannu, ya kamata su juya sumul. Ja shi sosai ka sake gwadawa. In duka biyun suna motsi, ko waya ta miƙe ko lainin, wato abin da ke gogar ƙarfe ya tsayar da taya, ya cinye. In ɗaya ta kama gam ɗaya na juyawa, ciwon yana ɓangaren da ke juyawa, kuma ɗaure noti ba zai warkar da shi ba.

A nan ne nake yawan saɓani da masu gaggawa. Ka kai mota ka ce, "Oga, hambirkina ba ya kamawa," yaron gareji ya ɗauki sifana ya ɗaure notin waya, minti biyar an gama. Kwana kaɗan ya sake saki, domin ba a taɓa asalin ciwon ba. Daga taya ake farawa, waya ce ta ƙarshe.

Sauke hambirki, cire taya ka zare durom, wato kwanon ƙarfen da ya rufe birkin. Kada ka hure ƙurar da baki, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ba abin shaƙa ba ce. Dubi kaurin lainin: idan bai wuce milimita 1.5 ba, a canja, kuma hagu da dama tare ake canjawa. Idan ka gan shi a jiƙe, man birki ne ke yoyo daga silindar taya ko giris ya tsallako. A toshe yoyon, a sa sabon lainin. Wanke shi da fetur ɓata lokaci ne, ya riga ya sha mai.

In lainin na da sauran rai, nemi ɗan ƙarfen nan mai haƙora kamar tauraro da ke tsakanin takalman birki biyu da lainin ke manne a jikinsu. Juya shi da sukundireba kaɗan-kaɗan, kana mayar da durom kana gwadawa, har ka ji ya kama, sannan ka sassauta har ya riƙa juyawa da ɗan shafa kawai. Motoci irin su Camry masu faifai a baya suna da ƙaramin durom a cikin faifan, akwai rami mai toshiyar roba da ake zura sukundireba ta ciki. Mayar da komai, ka taka birkin ƙafa sau da yawa don takalman su zauna.

Yanzu ne lokacin waya. Notin yana gindin hannun hambirki a ƙarƙashin murfin roba, a wasu motocin kuma a ƙasan mota inda wayar ta rabu biyu. Galibi sifana mai lamba 10 ce ke kama shi. In noti biyu ne a jere, kwance na kullewa tukuna. Ɗaure rabin zagaye, ka ja ka ƙirga, ka sake, har ƙarar ta dawo wajen 6. Wasu tsofaffin Golf na da waya biyu kowace da notinta, sai ka daidaita su, kada ɗaya ta fi ɗaya. Bayan kowane ɗauri sauke hambirkin ka juya tayoyin. In suna turjewa ka wuce gona da iri, sassauta. Birkin da ke gogar durom yana cin lainin, yana ƙara shan mai, kuma man nan kowa ya san kuɗinsa.

Wayar da ta fara tsintsinkewa ko ta maƙale ba a lallaɓa ta, sabuwa ake sawa. Motar da hambirkinta maɓalli ne na lantarki kuwa, bar wa mai na'ura.

Sauke motar, ka ƙara ɗaure notunan taya. Nemi gangaren da ba kowa a bayanka, sa ta a firi, ja hambirki, ka ɗaga ƙafarka a hankali kana shirin sake takawa. Gwada tana fuskantar sama, ka juya ta ka gwada tana fuskantar ƙasa. Sannan yi tafiyar kamar kilomita 3 ba yawan taka birki, ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowace tayar baya. In ɗaya na huci fiye da 'yar'uwarta, koma ka sassauta wannan ɓangaren.