Lambobin takardun mulkin Jamus a Kamaru

'Yan'uwa masu binciken tarihin Garwa da Dikwa zamanin Jamusawa, ku kula: lambar da aka rubuta a saman wasiƙa, wadda ke bin J.-Nr., ta rajistar ofishin da ya aika ko ya karɓa ce. Ba da ita ma'ajiyar tarihi za ta nemo muku fayil ba. Abin da ake buƙata shi ne lambar ajiya. A Bundesarchiv, wato ma'ajiyar tarihi ta tarayyar Jamus, da ke Balin, takardun ma'aikatar mulkin mallaka suna ƙarƙashin R 1001, sai lambar fayil ta biyo baya.

Ga ma'anar wasu gajerun kalmomin Jamusanci da za ku gani: Bd. kundi ne, Bl. kuwa ganyen takarda, gaba da baya. In kun ga z.d.A. a gefe, an ce a ajiye takardar a fayil ke nan.