Kurakuran da masu motar Nissan suka fi yi, da yadda za a gyara su

In ka ambaci Nissan a bakin gareji, nan take mutane za su rabu gida biyu. Dattawan direbobi za su tuno maka Datsun 120Y da aka yi tasi da ita har fentinta ya koɗe injin bai gaza ba, da a-kori-kurar da ke ɗaukar buhuna fiye da ƙima ta kai su kasuwar ƙauye ta dawo lafiya. Matasa kuwa kalma ɗaya ce a bakinsu: giya. Wani zai ce maka ya sayi Altima, wata shida ba ta cika ba ta zauna. Kowane ɓangare gaskiyarsa yake faɗi, domin motocin da suke magana a kansu zamani biyu ne daban, kuma rashin bambance su shi ne kuskuren da ya haifi sauran.

Kamfanin tsoho ne. Tushensa wata 'yar masana'anta ce a Tokiyo da ta ƙera mota a 1914 ta sa mata suna DAT, daga haruffan farko na sunayen mutum uku da suka zuba kuɗi: Den da Aoyama da Takeuchi. Da aka yi ƙaramar mota a farkon shekarun 1930 sai aka kira ta Datson, wato ɗan DAT, daga baya aka mayar da sunan Datsun saboda "son" a Japananci yana nufin asara. An kafa kamfanin na yanzu a ƙarshen 1933 ƙarƙashin Yoshisuke Aikawa, ya ɗauki sunan Nissan a 1934, mazauninsa Yokohama. Sunan da ya yi a Afirka da gumi ya same shi. Motocin Datsun sun lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1970 da 1971 da 1973, a kan hanyoyin laka da ƙura irin waɗanda muka sani. Injin dizal na TD42 da ke cikin tsohuwar Patrol har yau ana girmama shi duk inda ake ratsa daji da sahara.

Sai abubuwa suka juya. A 1999 bashi ya kusa durƙusar da kamfanin, Renault ta Faransa ta sayi kashi 36.8 cikin ɗari, ta turo Carlos Ghosn. Ya rufe masana'antu biyar, ya rage ma'aikata 21,000, ya matsa wa masu kawo kayan haɗi su sauke farashi. Kamfanin ya farfaɗo, wannan ba a musu. Amma a shekarun da suka biyo baya aka shiga tseren yawan sayarwa a Amurka, ana ta rangwame, ana sayar wa kamfanonin hayar mota da yawa. An kama Ghosn a Japan a watan Nuwamban 2018, ya tsere zuwa Labanan a ƙarshen 2019. Maganar haɗewa da Honda da aka fara a Disamban 2024 ma ta watse a Fabrairun 2025. Na kawo wannan ne saboda motocin wancan zamani, na tsakanin 2003 zuwa 2018, su ne yau suka cika wuraren dillalai, su ake shigo mana da su ta Kwatano da Legas.

Don haka kuskure na farko shi ne sayen suna. Mutum ya ji "ai ta Japan ce" ya miƙa kuɗi. Altima da yawa a Amurka aka haɗa su, Primera da Qashqai kuma a Sunderland ta Ingila, wasu ma da injin dizal na Renault a ciki. Wannan ba aibi ba ne, amma yana nuna cewa tambarin da ke gaban mota ba ya gaya maka abin da ke ƙarƙashin bonet. Abin tambaya shi ne wace ƙira ce, ta wace shekara, wane inji, kuma uwa uba wace irin giya. Primera ko Almera mai giyar hannu da Altima ta 2014 sunan kamfani kawai suka haɗa.

A nan zan daɗe, domin mafi yawan kukan masu Nissan a kan giyar da ake kira CVT yake. Wani kamfani mai suna Jatco, wanda Nissan ke da mafi yawan hannun jari a cikinsa, shi ke ƙera ta. Ta shigo kasuwar Amurka a Murano ta 2003, aka sa ta a Altima daga 2007, sannan Sentra da Rogue da Versa, har da Pathfinder daga 2013. Ba kamar otomatik ɗin da muka saba ba, wadda ke tashi daga giya ɗaya ta faɗa ta biyu. Ita wannan gargare biyu ne masu buɗewa da tsukewa, da bel na ƙarfe a tsakaninsu. Man giya ne ke matse gargaren su riƙe bel ɗin, shi ne kuma ke sanyaya su. In man ya lalace ko ya yi zafi fiye da ƙima, bel ya fara zamewa yana kankare ƙarfe, ɓarɓashin ya bi mai ya toshe hanyoyi. Daga nan sai karkarwa, sai kuka, sai mota ta ƙi ja.

Laifin kamfani a nan a fili yake, kuma ba na son a ɗora wa masu mota abin da ba nasu ba. Nissan da kanta ta tsawaita garantin wannan giya a Amurka ga motocin 2003 zuwa 2010, ta kai shi shekara 10 ko mil 120,000. Bayan ƙararrakin da masu mota suka shigar a haɗe, ta sake tsawaita shi ga wasu, ciki har da Altima ta 2013 zuwa 2016. Kamfani ba ya yin haka a kan abin da ke lafiya lau. Wani abin lura kuma, da aka fitar da sabuwar Pathfinder ta 2022 sai aka cire mata CVT aka koma otomatik mai giya tara. Sai dai mu wannan garanti bai shafe mu ba, ya ƙare tun kafin motar ta hau jirgin ruwa. Abin da ya rage a hannunmu shi ne kada mu ƙara wa mai rauni ciwo.

Babban abin da ke kashe wannan giya a garejinmu shi ne zuba mata man da ba nata ba. Mai mota ya ce a duba man giya, yaron shago ya ɗauko jan man otomatik da ake zuba wa kowace mota ya tuttula. In ka tambaya a ce maka, "Alhaji, ai duk man giya ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Jan mai an yi shi ne don wata irin giya, bel ɗin CVT ba ya samun riƙon da yake buƙata da shi. Nissan tana da nata mai, NS-2 ga tsofaffin ƙira, NS-3 ga na baya-bayan nan, kuma littafin motar ya faɗi wanda za a sa. Gyaran abu ne mai sauƙi: ka sayi man da hannunka a wurin da ka amince, ka duba murfin bai taɓa buɗuwa ba, ka tsaya a zuba a gabanka. Jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma wanda aka ce maka "shi ma yana yi" a rabin farashi, giyarka za ta biya cikon. In an riga an zuba jan mai, kada ka ce bari in ga yadda za ta kasance. A juye shi, a sake juyewa bayan ɗan tuƙi kaɗan, domin juye ɗaya ba ya fitar da duk man da ke ciki.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne barin man har abada. Wasu sun ji an ce ba a canza shi. Amma littafin motar ya ware abin da ya kira tuƙi mai tsanani: zafi, ƙura, cunkoso, ɗaukar kaya. Duk wanda ya taɓa tuƙi a Kano ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu ya san mu kullum a cikin wannan rukuni muke. Shawarata ita ce a yi juye duk bayan kilomita 40,000 zuwa 50,000, kuma wanda ya sayi mota 'yar Kwatano ya fara da shi tun makon farko, tunda bai san abin da mai ita na baya ya yi ba. Da yawa daga cikin sababbin ƙirar ba su da sandar auna mai irin wadda aka saba, kuma ana auna shi ne a wani ma'aunin zafi na musamman. Bakaniken da ke auna shi da ido, ko ya cika ko ya rage, duka biyun illa ne.

Sai zafi. Al'adar cire abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da haɗa fanka ta riƙa juyawa kai tsaye, da zuba ruwan famfo a lagireto, ta daɗe a wurinmu, kuma tsofaffin motoci sun jure ta. Waɗannan ba sa jurewa. A ƙira da yawa ruwan injin ne ke taimakawa wajen daidaita zafin man giya, don haka lagireton da tsatsa ta toshe yana cutar da giya kafin ma allura ta nuna komai. In kana doguwar tafiya mota ta rage ƙarfi da kanta, kana taka totur ba ta amsawa, kwamfutarta ce ke kare giyar daga ƙonewa. Ka sauka gefen hanya ka bar ta ta huce, kada ka yi ta dannawa. In abin yana maimaituwa, a wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, a ƙara wa giyar ƙaramin lagireto nata na daban. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabuwar giya ba.

Yadda ake tuƙa ta ma yana da nasa. Fizgar mota daga tsaye, sa giyar baya kafin ta gama tsayawa, jijjiga ta gaba da baya in ta kafe a yashi, cika ta da mutane da buhuna a hau tudu, duk suna cin bel. Haka jan ta da igiya tayoyin gaba suna ƙasa, domin injin a kashe famfon mai ba ya aiki, ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe. A ɗora ta a kan motar ɗauka. Ba a kuma tura ta don ta tashi.

Akwai kuskuren da ke zuwa ta ɗaya gefen: wanda bai saba da CVT ba ya ji ƙarar inji ta tsaya wuri ɗaya mota na ƙara gudu, bai ji an canza giya ba, sai ya ɗauka ta lalace ya kai a buɗe. Haka aka yi ta. Kada a buɗe giyar da ba ta karkarwa, ba ta kuka, ba ta jinkiri.

Wajen saye kuwa, zagaye layi ɗaya da dillali a gefe ba gwaji ba ne. Ciwon wannan giya sai ta ɗauki zafi yake fitowa. Ka nemi a ba ka aƙalla rabin awa, ka shiga cunkoso, ka hau babban titi, ka nemi tudu. Ka lura ko tana karkarwa in ka taka totur a hankali daga tsaye, ko tana jinkiri kafin ta kama in ka sa ta gaba ko baya. Ka zo da mai na'urar bincike ya jona mata. In ya ga P17F0 ko P17F1, alamar zamewar bel ce, ka haƙura da ita komai kyan jikinta. Dillalin da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa. Ka kuma ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 ka bincika tarihinta a intanet, domin da yawa tsofaffin motocin haya ne, wasu kuma ruwa ya ci su ko sun yi haɗari aka yi gwanjonsu.

In giyar ta riga ta mutu, kada a yi gaggawar zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗauko duk wadda ta yi kama. Lambar giyar ta dace da ta motarka. A wanke bututun mai da abin sanyaya shi, ko a canza su, in ba haka ba ɓarɓashin tsohuwar zai shiga sabuwar. A ƙirar baya-bayan nan kuma sai an saita kwamfutar giya ta san wadda aka sa mata. Mutane da yawa sun sayi giya sau biyu saboda an tsallake waɗannan.

Masu Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 matsalarsu daban ce. Giyarsu otomatik ce ta gargajiya, mai ƙarfi, amma lagireton asali yana tsagewa ta ciki ruwa ya haɗu da man giya. In ka buɗe ka ga man ya koma kamar madara mai ruwan hoda, aikin gama ya gama. Tun kafin haka ake canza lagireton, ko a raba hanyar man giya da shi a sa mata nata.

Abu na ƙarshe ya wuce maganar kuɗi. Jakar iska ta kamfanin Takata, wadda aka sa a motocin kamfanoni da dama har da Nissan, sinadarin da ke cikinta yana lalacewa da zafi da laima, in ta fashe sai ta watso guntayen ƙarfe a fuskar mutum. An yi asarar rayuka a ƙasashe da dama, kamfanin Takata ya karye a 2017. A watan Mayun 2024 Nissan ta gargaɗi masu Sentra ta 2002 zuwa 2006 da Pathfinder ta 2002 zuwa 2004 da Infiniti QX4 ta 2002 zuwa 2003 a Amurka da su daina tuƙa su sam har sai an canza jakar. Irin waɗannan motoci suna yawo a titunanmu, kuma wasiƙar kamfani ta kiran a kawo su gyara ba za ta taɓa iso wa mai su a nan ba. In motarka daga Amurka ta zo, ka shigar da lambar shasinta a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai gyaran da ba a yi ba. In ya nuna, ka tuntuɓi wakilin kamfanin a ƙasarka da lambar a hannu, kuma kada ka yarda a sa maka tsohuwar jakar da aka ciro daga wata motar, domin tana iya zama irin wadda ake gudu.