Yadda za ka naɗi gitarka a ɗaki ba amfilifaya

Tambayar nan ta yawaita daga makaɗan Jos, ga matakan:

1. Saita igiyoyin gitar. Sanyin garin nan yana karkatar da su, ka riƙa dubawa.
2. Jona gitar da Focusrite Scarlett (akwatin da ke shigar da sauti cikin laftof) ko makamancinsa.
3. Danna maɓallin INST da ke jikin akwatin, wato na kayan kiɗa irin gitar.
4. Buɗe Reaper, manhajar naɗar sauti, ka sa bafa (saitin da ke daidaita jinkirin sauti) a 128.
5. Kaɗa da ƙarfi kana rage shigar sauti har ya tsaya wajen -12 dB.

Hattara: in fitilar akwatin ta yi ja, sauti ya fashe ke nan.

6. Ɗora AmpliTube, manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya, a layin gitar cikin Reaper.
7. In kana jin ƙugi, zare cajar laftof, musamman a wutar janareta.
8. Naɗi kiɗan sau biyu, ɗaya hagu, ɗaya dama. Kwafin naɗi ɗaya ba ya ba da faɗin sautin da naɗi biyu ke bayarwa.
9. Ƙara amo, wato amsa-kuwwa, kaɗan.