Ciyar da macijin gida da ɓera: kurakuran da muka fi yi, da yadda ake gyara su

Da asuba na gane ban iya kiwon maciji ba. Na dawo daga masallaci, na leƙa akwatin gilashin da ƙaramar mesata take ciki, sai ga ɓeran da na jefa mata tun bayan isha'i zaune a kusurwa yana lashe-lashe, ita kuwa ta dunƙule ta cusa kai a tsakiyar jiki. Ya gaigaye ta wuri uku a gadon baya, ɗaya har farin nama ya fito. Ban ji motsin komai cikin dare ba, don maciji ba ya kuka. Muka yi wata biyu muna zarya wurin likitan dabbobi, kuma har yau duk sanda ta yi saɓa, tabon na nan kamar ɗinkin baduku.

A nan Jidda, da Makka da Riyad, samarinmu da ke ajiye maciji sun fi yadda iyaye suke zato. Wani a kasuwar tsuntsaye ya gani ya yi sha'awa, wani a intanet. Yawanci iri biyu ne: macijin masara, ɗan Amurka, da ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda asalinta ma can gida ne, daga Yammacin Afirka har zuwa yankin Sudan. Dukansu ba su da dafi, dukansu kuma ɓera ne abincinsu.

Malamai da yawa ba sa son a ajiye maciji a gida, kuma wanda bai fara ba, ba ni zan ce ya fara ba. Doka ma tana da ta cewa: cibiyar kula da namun daji ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2019, ita ke ba da lasisin mallakar irin waɗannan dabbobi ta dandalinta na Fitri. Maganata da wanda ya riga ya ɗauko ne. Tun da ka kulle dabba a akwati, cinta da shanta sun hau wuyanka, kuma kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa.

Ɓera mai rai a cikin akwati

Duk wanda ka hana zai ce maka, "Ai a daji mai rai yake ci." Gaskiya ne. Sai dai a daji in maciji ba ya jin yunwa kowa kama gabansa yake yi. A akwati babu inda ɗayansu zai je. Macijin da ba ya son ci ba ya kashe ɓera don kare kansa, musamman ƙaramar mesa, ita dai ta dunƙule ta jira. Ɓera kuwa haƙoransa ba sa daina tsiro, kullum neman abin gaigaya yake, ga yunwa, ga tsoro. Ko da macijin ya kai cafka, in ya kama ta wajen gindi, kan ɓeran a sake yake, yana iya juyowa ya cije shi a ido ko a baki, daga nan baki ya ruɓe.

Gyaran shi ne matacce, wanda aka daskarar aka narkar. Masu cewa nasu ba ya karɓa, yawanci sau ɗaya suka gwada, da rana tsaka, ɓeran da sanyinsa. Mesa tana da wasu 'yan ramuka a leɓenta na sama da take jin ɗumin jiki da su, shi ya sa ɓera mai sanyi a wurinta kamar tsumma ne. Ka ɗumama shi ya kai ɗumin jikin mai rai, wajen digiri 37, ka ƙara ɗumama kan ya fi sauran jiki. Ka bari sai dare, ka rage haske, ka riƙe shi da dogon hantsaki ta ƙeya kana ɗan girgiza shi a gabanta, kada ka dunguri hancinta da shi. In ta ƙi, ka ajiye shi a bakin maɓoyarta ka fita. In gari ya waye yana nan, ka zubar, ka jira mako guda. Tawa sai a karo na huɗu ta karɓa.

Hantsakin nan ba ado ba ne. Hannunka yana da ɗumi, yana kuma warin ɓera, to me kake so ta zata?

Na gida da na lungu

Wani ɗan ƙanwata ya taɓa kira na da murna: "Kawu, na huta da saye, tarko na kafa a bayan baƙala," wato kantin kayan masarufi na unguwa. Na ce masa maza ya zubar. Lungunan tsofaffin unguwanni cike suke da maganin ɓera, kuma irin wanda aka fi sawa yanzu mai tsinka jini ne, ba ya kashewa nan take, sai bayan kwana uku zuwa bakwai. A cikin kwanakin nan ɓeran na yawo a galabaice, wato wanda ya fi sauƙin kamuwa shi ne wanda ya fi yiwuwa ya ci guba. Macijinka ya haɗiye shi, ya haɗiye gubar. Ga tsutsar ciki, ga ƙwarin jiki. Araha ba ta ado.

Yadda ake kashe shi

Nan ne na fi ganin ɓarna, kuma nan ne mutane suka fi yin shiru. Wanda ya fara kiwon ɓerayensa da kansa, ranar da ya zo kashewa sai ya rasa yadda zai yi, sai ya zaɓi hanyar da shi ba zai gani ba. Ya zuba su a roba ya tura firiza da ransu. Ya nutsa keji a bokiti. Ya ƙulle su a leda. Duk waɗannan sauƙi ne ga mai yi, azaba ce ga ɓeran. Sanyin firiza ba barci yake sa shi ba, sa'o'i yake ɗauka yana karkarwa, yatsu da kunnuwa na daskarewa yana ji. Nutsewa mintoci ne na fafutuka. Mai kama wutsiya ya fyaɗa da bango kuma, sau nawa yake samu a bugu ɗaya? Tarkon danƙo kada ma a yi zancensa. Fiya-fiya, ko ƙwayar barci, ko allura, ban da wahalar da suke ba ɓeran, a jikinsa suke zama su wuce cikin macijin.

In ka yi magana sai a ce, "Ɓera fa fasiƙi ne, ko a Harami an ce a kashe shi." Haka ne, yana cikin biyar ɗin da hadisi ya ambata. Amma izinin kisa daban, izinin azabtarwa daban. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu, wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, cewa ya yi Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisa, in za ku yanka ku kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Bai ware ɓera ba.

Ga ɓeran da ya tasa, hanyoyi biyu ne zan kawo da likitocin dabbobi suka yarda da su waɗanda kuma ba sa gurɓata naman. Ta farko iskar kabon dayoksaid, irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa, daga tukunyarta ta ƙarfe mai mitar auna kwarara. Kuskuren da ake yi shi ne a cika akwati da iskar tukuna sannan a jefa ɓeran. Iskar in ta yi yawa lokaci guda, tana haɗuwa da damshin hanci da ido ta yi yaji, sai ya ji zafi kafin ya suma. Ɓeran ake fara sawa, sannan a buɗe iskar a hankali. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta 2020 ta ce a riƙa sakin kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari na girman akwatin a kowane minti. Akwati mai lita 10 ke nan zai sha lita 3 zuwa 7 a minti. A bar wa murfi 'yar ƙofa don tsohuwar iska ta fita, kada a cunkusa su, kuma bayan numfashi ya tsaya a bar iskar ta ƙara aƙalla minti ɗaya. Haɗa khal (ruwan tsamin nan, binega) da hodar bekin-soda a kwalba don su fitar da iskar, ko jefa busasshiyar ƙanƙara (wato iskar ce a daskare), ba su da ma'auni, ba ka san yawan abin da ke fita ba. Ka kuma yi aikin a fili ko a saman bene, ba a ɗaki mai mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da tagogi a rufe ba, don iskar da ta sumar da ɓera ba ta san kai mutum ba ne.

Ta biyu raba ƙashin wuya da kai: a danne ƙeya da wani ƙarfe siriri, a ja ta gindin wutsiya da ƙarfi sau ɗaya. A hannun wanda ya iya, ƙiftawar ido ce. A hannun ɗan koyo kuwa, ko fatar wutsiya ta saɓule don ya kama tsininta, ko baya ya karye ɓeran na raye yana jan ƙafa. Wannan ba a koyon sa daga bidiyo. Ka je likitan dabbobi ya nuna maka, ka fara gwadawa a kan matattu har hannunka ya faɗa. Kuma ba a yi wa babban ɓeran da ya wuce giram 200, wuyansa ya yi ƙarfi.

Jarirai, jajayen nan marasa gashi, su ne tarkon da kowa ke faɗawa. Jikinsu na jure rashin iska ƙwarai, ɗan kwana ɗaya yana iya kai minti 50 a cikin gas bai mutu ba. Sai ka ga ya yi laƙwas, ka sa a firiza, ashe suma ya yi. Waɗanda ba su kai kwana goma ba, cire kai da almakashi mai kaifi sosai, a yanka ɗaya, shi ya fi hutar da su, duk da ba daɗin gani. Manya ma kada ka yarda da ido kawai: ka duba ƙirji ba ya motsi, ka matse yatsan ƙafa ba ya janyewa, ka taɓa ido ba ya ƙiftawa.

In ka karanta wannan ka ji ba za ka iya ba, babu abin kunya. Ni ma na daina kiwonsu, daskararru nake saye.

Daga shago zuwa bakin maciji

Zafin Jidda ba ya jira. Ledar ɓeraye a bayan mota a watan Yuli, kafin ka fita daga cunkoso ta fara narkewa, kuma abin da ya narke ba ya komawa firiza. Ka tafi da kula da ƙanƙara.

A gida, ka sauke wanda za ka bayar zuwa firji tun dare, a roba mai murfi, washegari ka sa shi a leda ka tsoma a ruwan ɗumi. Ban da tafasasshen ruwa, ban da na'urar ɗumama abinci: waje ya dahu, ciki da ƙanƙara, wani lokaci tumbi ya fashe. Ruwan tankin saman bene ma da azahar ɗin bazara ya isa ya dafa fata, ka fara taɓawa. Kafin ka miƙa, ka danna cikin ɓeran da yatsa, in ka ji tauri ko sanyi bai yi ba.

Ranar da Hajiyarmu ta buɗe firiza neman naman miya ta ci karo da ledata, salatin da ta yi har maƙwabta sun ji. "Kai yanzu ɓera ka ajiye min kusa da kaza?" Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, a ƙulle suke." Ba ta haƙura ba, kuma ita ke da gaskiya. Ɓera da maciji duka suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, ta fi kuma tsanani ga ƙananan yara da tsofaffi da masu ciki. In da hali, ƙaramin firiza na daban. Kwano na daban, ba a wanke shi a kicin, hannu kuma da sabulu kowane lokaci.

Girma, lokaci da amai

Kaurin ɓera ya yi daidai da inda macijin ya fi kauri, ko ya ɗara kaɗan. Ga mai tasowa, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa: mai giram 300 ya samu ɓera mai giram 30 zuwa 45. Ƙanana duk kwana biyar zuwa bakwai, manya duk mako biyu, wasu ma uku. Masu ɗura wa maciji don ya yi saurin girma su nuna wa abokai, kitse kawai suke tara masa a hanta.

Bayan ya ci, kwana biyu cur kada ka ɗauke shi, ko baƙi sun zo suna son hoto. Narkewar abincinsa da zafin wuri take tafiya, kuma gidajenmu nan mukayyif ba ya hutawa. Akwatin da ke ƙarƙashin iskarsa sanyi yake yi ya bushe, ɓeran ya ruɓe a ciki kafin ya narke, sai amai. Ƙaramar mesa na son gefe ɗaya ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗayan kuma wajen 26, kuma da ma'auni ake sani, ba da tafin hannu ba. In ta yi amai, kada ka sake ba ta washegari don tausayi. Maƙogwaronta ya ƙone da ruwan ciki. Ka gyara zafin, ka jira kwana 10 zuwa 14, ka dawo da ɓera ƙarami.

Ƙin ci kuwa ba kullum ciwo ba ne. In ido ya yi shuɗi-shuɗi kamar an shafa toka, saɓa ce ke tafe, ƙyale ta. Manyan mesa kan yi azumin watanni, musamman da sanyi. Sikelin kicin shi zai raba gardama: ka auna duk mako biyu ka rubuta. In nauyi ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, ko tana numfashi baki buɗe, ko ka ga majina da kumfa a baki, to wannan na likita ne, kada ka ce za ka tura mata abinci da ƙarfi. Tawa yanzu makonta na tara ke nan ba ta ci ba, giram 20 kacal ta rasa, kuma daren Juma'a mai zuwa zan sake miƙa mata.