Abin da za ka yi idan wayarka ta yi gargaɗin girgizar ƙasa

Ɗalibaina da ke barin Bauchi zuwa karatu a Turkiyya ko Jafan, da ku nake. Mu nan sai ɗan motsi jefi-jefi, irin na Mpape a Abuja a 2018, kuma akwai cibiya a Toro da ke sa ido a kai. Can kuwa abin na cin rayuka.

Babbar girgiza ba farat ɗaya take fashewa ba. Daga wuri guda take somawa a wata tsaga da ke ƙarƙashin ƙasa, sai ta bi tsagar kamar yadda tela ke yaga atamfa, tana cin kilomita 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Ta tsibirin Sumatra na Indonesiya a 2004 ta wuce kilomita 1,000, ta ɗauki kusan minti 10. Motsin da ke fara isowa mai sauri ne, ba ya ɓarna sosai. Mai rusa gini a baya yake zuwa. Na'urori na kama na farkon su aika saƙo, ka samu 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ke daf da inda ta tashi ma ba ya samun komai.

To, ga inda nake so ka natsu. Lokacin da saƙon farko ya fita, tsagar ba ta gama yagewa ba, don haka ba wanda ya san inda za ta tsaya. A Jafan, ranar 11 ga Maris 2011, ƙiyasin farko ya yi ƙasa ƙwarai, girgizar kuwa ta kai maki 9 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa. Kada ka tsaya duba girmanta, kada ka kira kowa. Duƙa, shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, riƙe ƙafarsa, kare kanka da wuyanka. In a gado kake, zauna nan ka rufe kai da matashi. Ka guji lif da matakala.

Tun ranar da ka sauka, kunna gargaɗin a wayarka, ka riƙa ajiye takalmi kusa da gado saboda fasasshen gilashi. In kana bakin teku, da ta lafa ka hau tudu, don ambaliyar teku (tsunami) na iya biyo baya.

Kada kuma ka yi saurin komawa ginin da ya tsage. A Turkiyya, ranar 6 ga Fabrairu 2023, bayan mai maki 7.8 da kusan awa 9, wata mai 7.5 ta biyo baya, ta kayar da gine-ginen da ta farko ta raunana.