Yadda za ka ci ƙarfin Acheampong da tofa a gonarka

'Yan uwa masu ɗan noma a wajen Ejura da kewayen Kumasi, ciyawa ba a gama da ita da feshi kaɗai, sai an haɗa mata abu biyu, wanda zai ci ganyenta da wanda zai tare mata rana.

Ciyawar nan da ake kira Acheampong asalinta daga nahiyar Amurka ta zo, ta baro ƙwarin da ke cinta a can, shi ya sa ta yi kane-kane a nan. Masu binciken amfanin gona na CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, a Kumasi sun saki wani ƙwaro dangin malam buɗe littafi da tsutsarsa ke cin ganyenta, yawanci da dare. To in ka ga ganyen ya huhhuje yana komawa rawaya don Allah kar ka fesa maganin ƙwari a wurin, aiki suke maka kyauta. Amma fa tsutsa raunana ta kawai take yi, in ƙasa na nan a buɗe rana na dukanta sai ta sake tohowa.

Saboda haka ka sare ta kafin hunturu tun ba ta yi fure ba, don iska ke kwashe irin ta watsa ko'ina, kuma ka tone gindin da fartanya, sara da adda kawai ba ya kashe ta. Daga nan kar ka bar fili tsirara ko kaɗan, tsakanin rogo ko masara ka sa wake ko agushi ko dankali su shimfiɗe ƙasa, sati 6 na farko kuwa ka dage da noma har shuka ta rufe.

Tofa ita ce mai taurin kai, saiwarta na tafiya ta ƙarƙashin ƙasa kuma ƙona gona ƙara mata ƙarfi yake yi, ni dai ban ga amfanin wutar nan ba. Inuwa ce ba ta jurewa. Ka nemi irin mukuna, dangin ƙarara ne amma wanda ba ya ƙaiƙayi, ka shuka bayan masara ta yi kamar kwana 40, in ka yi gaggawa zai haye masarar ya danne ta. Shanu na cin tofa tana ɗanya, ka kai su kafin shuka, amma Acheampong kar ka matsa wa dabba ta ci, tana cutar da su.